Ƙashi ma yana gajiya: Karayar da ke samun 'yan wasa ba tare da an taɓa su ba

Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san yadda hankali yake tashi idan gasar wasanni tsakanin gidaje ta matso. Muna aji biyar muka ga tamu. Gidanmu shekara uku rabonsa da kofi, kuma duk fatanmu yana kan wani abokinmu mai gudun mita 1,500. Matsalar ita ce rabonsa da atisaye ya kai wata uku, ga shi saura mako biyar a yi gasa. Sai ya ce zai biya bashin a dunƙule: gudu da asuba a kan kwalta, gudu da la'asar a fili, Asabar da Lahadi kuma ya ƙara da ƙwallo.

A mako na uku ya fara cewa ƙwaurinsa na dama yana masa zafi. Muka duba, babu rauni, babu wanda ya taka shi. Muka ce raki ne kawai, ai namiji ba ya kuka da ɗan ciwon ƙafa. Wani ya kawo man zafi, wani ya sayo ƙwayar kashe ciwo a kemis. Ranar gasa, a zagaye na uku, ba wanda ya taɓa shi, sai muka ga ya zube yana riƙe da ƙafa. Hoton da aka ɗauka a asibiti ya nuna ƙashin ƙwaurin ya karye. Likita ya ce makonni ƙashin ya yi yana tsagewa a hankali, ranar ƙarasawa kawai ya yi. Wata uku abokinmu ya yi da siminti a ƙafa, jarrabawar zangon ta wuce shi, kuma har muka gama makaranta bai sake shiga tsere ba.

Sai da muka zo jami'a muka san cewa ciwon yana da suna, kuma da mun san abin da za mu gaya muku yau, da hutun mako shida ko takwas ya wadatar. Muna iya kiransa karayar gajiya.

Yaya ƙashi zai karye ba a buge shi ba?

Ku samo waya ku lanƙwasa ta sau ɗaya, ba abin da zai same ta. Ku yi ta lanƙwasawa kuna miƙewa a wuri ɗaya, za ku ga wurin ya yi fari, ya yi zafi, can sai ta tsinke. Haka ƙashi yake. Duk takun da mai gudu ya yi, ƙafarsa tana ɗaukar nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Yaro mai kilo 50, kowane taku kilo 100 zuwa 150 ke nan. Idan faɗin takunsa mita ɗaya ne, gudun kilomita 5 taku 5,000 ne. Wannan dukan yana barin 'yan ƙananan tsagu a cikin ƙashi waɗanda ido ba ya gani.

Bambancin ƙashi da waya shi ne ƙashi yana da rai, yana gyara kansa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta iri biyu da ke aiki kamar ma'aikatan gini. Na farko su kankare wurin da ya lalace, na biyu su biyo baya su cike gurbin da sabon ƙashi. Idan aka ba su lokaci, ƙashin yakan fi da ƙarfi. Tun a 1892 wani likitan Jamus mai suna Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana gina kansa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Shi ya sa wasa yake da amfani ga ƙashi, mai zaman wuri ɗaya kuwa nasa ba ya yin ƙwari.

Amma akwai tarko. Masu kankara suna gama nasu aikin cikin kamar mako uku, masu cikewa kuwa sai sun ɗauki wajen wata uku. A tsakanin nan ƙashin yana kama da katangar da aka kankare ba a yi mata yaɓe ba tukuna. Idan ka ci gaba da dukansa safe da yamma ba hutu, tsagun sai su riƙa yawa fiye da yadda ake cike su, su haɗe su zama tsaga guda. Da farko wurin yakan yi ɗan kumburi a ciki kawai, sai ya tsage, idan an ƙi ji kuma ya karye gaba ɗaya. Shi ya sa ciwon yakan bayyana 'yan makonni bayan mutum ya ƙara yawan atisaye farat ɗaya.

Daga sojoji zuwa taurari

A cikin sojoji aka fara lura da wannan ciwo. A 1855 wani likitan sojan Jamus mai suna Breithaupt ya rubuta bayanin yadda ƙafafun sojoji suke kumbura suna ciwo bayan doguwar tafiya. Sai bayan an gano hoton ƙashi a 1895 aka gane cewa dogayen ƙasusuwan tafin ƙafa ne suke tsagewa. Har yau ana kiran wannan nau'in karayar maci, kuma har yau tana damun sababbin sojoji a makonninsu na farko na horo. Masu burin shiga aikin soja ko ɗan sanda, ku riƙe wannan.

Manyan 'yan wasa ma da suke da likitoci na kansu ba su tsira ba. Masu kallon ƙwallon Ingila za su tuna watan Janairun 2020, lokacin da Marcus Rashford, yana shekara 22, ya shigo wasan Manchester United da Wolves daga benci, amma bai fi minti 16 ba aka fitar da shi yana dafe da baya. Aka gano tsaga biyu a ƙashin bayansa, bai sake buga wasa ba sai watan Yuni. Paula Radcliffe ta Birtaniya, wadda ta kafa tarihin gudun fanfalaki na mata a 2003 da awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25, an gano tsaga a ƙashin cinyarta watanni kaɗan kafin gasar Olamfik ta 2008 a Beijin. Ta daure ta shiga, ta ƙare a ta 23.

Sai labarin wasu dogaye biyu na ƙwallon kwando. Yao Ming na ƙasar Sin, mai tsawon mita 2.29, ƙafarsa ta hagu ta yi ta tsagewa daga 2008 zuwa 2010. Kakar wasa guda ta wuce shi gaba ɗaya, a ta gaba wasa biyar kacal ya buga, a 2011 ya yi ritaya yana shekara 30. Joel Embiid, haifaffen Yawunde a Kamaru, ya samu tsaga a baya sannan a wani ƙashi na tsakiyar ƙafa a 2014, daidai lokacin da zai shiga gasar NBA. An yi masa tiyata sau biyu, ya zauna kaka biyu cur bai buga ko wasa ɗaya ba. A 2016 ya fara, a 2023 aka zaɓe shi gwarzon gasar. Shekara biyu a benci ba wasa ba ne ga matashi, amma su suka saya masa shekarun da suka biyo baya.

Yadda za ku gane shi

Ba kowane ciwon jiki ne abin tsoro ba. Tsamin jiki da kan biyo bayan atisaye mai nauyi a tsoka yake, yakan kama ƙafafu biyu, kuma cikin kwana biyu ko uku ya wuce. Akwai kuma ciwon gefen ƙwauri da masu gudu suka saba da shi, wanda yake bazuwa a tsawon ƙashin kamar faɗin tafin hannu, kuma yakan lafa idan jiki ya ɗumama. Shi ma gargaɗi ne a rage, amma bai kai karaya ba.

Karayar gajiya tana da nata hali. Wuri ɗaya take zama, har kana iya nuna shi da ɗan yatsa guda, kuma idan ka danna ƙashin a wurin sai ka zabura. Ba ta lafawa idan jiki ya ɗumama, ƙaruwa take yi muddin kana gudu. Sannan tana tafiya mataki-mataki: da farko sai ƙarshen atisaye za ka ji ta, bayan kwanaki tun daga farkonsa, daga nan a tafiyar zuwa aji, a ƙarshe har kana kwance da dare. Wani lokaci wurin yakan ɗan kumbura. Idan ka yi ɗan tsalle da ƙafar ita kaɗai ka ji zafin ya soke ka a wurin, kada ka sake gwadawa.

Wuraren da ta fi kamawa su ne ƙashin ƙwauri da dogayen ƙasusuwan tafin ƙafa. Amma akwai wuraren da likitoci suka fi jin tsoro, domin ba sa saurin haɗewa ko kuma suna iya ƙarasa karyewa: wuyan ƙashin cinya, wanda ciwonsa yakan fito a matsematsi, gaban ƙwauri daidai tsakiya, saman tsakiyar ƙafa, inda igiyar takalmi take bi, da gefen ƙafa ta wajen ƙaramin yatsa. Haka kuma ciwon ƙasan baya da ke ƙaruwa idan ka gantsare. Ciwo a ɗaya daga cikin waɗannan wurare ba na jira a ga hali ba ne.

Wani abu kuma: idan ciwon ƙashi ya zo da zazzaɓi, ko wurin ya yi ja da zafi, ko yana tashin ka da dare alhali ba ka yin wani atisaye, ko kuma kana da sikila, to wataƙila wani abu ne daban. A tafi asibiti a ranar.

Me ya sa ku kuka fi shiga haɗari?

Dalili na farko shi ne gaggawa, irin ta abokinmu. A makarantunmu akan yi watanni ba a taka fili ba, sai gasa ta matso a tara atisayen shekara a wata guda. Sauya wuri farat ɗaya ma yana cikin wannan, kamar wanda ya saba da yashi ya koma kwalta ko siminti, ko filin da rani ya busar ya zama kamar dutse. Haka gudu da takalmin da ƙasansa ya cinye.

Na biyu shi ne girma. A shekarun da mutum yake miƙewa, ƙashi yakan riga yin tsawo kafin ya cika ya yi ƙwari. Ƙarshen dogayen ƙasusuwa kuma, inda suke ƙara tsawo, guringuntsi ne mai taushi. Shi ya sa yara masu shekara 10 zuwa 15 da ke yawan ƙwallo da tsalle sukan ga wani ƙullutu mai ciwo a ƙasan gwiwa, ƙananansu kuma su yi kuka da dunduniya. Waɗannan sukan wuce idan an rage wasa kuma girma ya kammala, amma saƙonsu ɗaya ne: nauyin ya yi yawa.

Na uku shi ne abinci. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙwarin ƙashin da mutum zai yi rayuwa da shi yana taruwa ne kafin ya kai shekara 20. Wato yanzu kuke zuba asusun da za ku ci har tsufa. Matashi yana buƙatar kalsiyam wajen miligiram 1,300 a rana, kofin madara ɗaya kuwa wajen 300 yake bayarwa. Wannan ba matsalar wasu ƙasashe ba ce. Binciken da likitoci suka yi a Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa yaran da ƙafafunsu ke lanƙwashewa ƙarancin kalsiyam a abinci ne babbar matsalarsu, kuma da aka ba su shi ƙasusuwan suka warke. Bayan kalsiyam, yawan abincin kansa yana da muhimmanci. Wanda yake ƙona ƙarfi a fili fiye da abin da yake ci, jikinsa zai rage kashe ƙarfi a kan gyaran ƙashi.

A nan muna da magana ta musamman da ƙannenmu mata. Idan yarinya tana atisaye sosai tana kuma rage cin abinci, ko don kada ta yi ƙiba ko don abincin bai isa ba, al'adarta tana iya ɗaukewa. Wasu sukan ɗauka alamar ƙoƙari ce, alhali alamar haɗari ce, domin sinadarin da ke tafiyar da al'ada shi ne kuma yake kare ƙashi. Mary Cain ta Amurka, wadda ta kai zagayen ƙarshe na mita 1,500 a gasar duniya ta 2013 tana shekara 17, ta bayyana a 2019 cewa matsin rage nauyi ya sa al'adarta ta ɗauke shekara uku, kuma ƙasusuwa biyar suka karye mata. Idan wata uku ya wuce ba ki ga al'ada ba, ki gaya wa mahaifiyarki ko malamar jinyar makaranta. Ba abin kunya ba ne. Maza ma da ba sa cin isasshen abinci ƙashinsu yana raunana.

Idan ya riga ya faru

Abu na farko: ka tsaya. A daina gudu, tsalle da ƙwallo daga ranar da aka yi zargi. Ka gaya wa malamin wasanni da iyayenka, kuma ka faɗi gaskiyar ranar da ciwon ya fara.

Na biyu: a ga likita. Ku sani cewa hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna komai a mako biyu zuwa uku na farko. Saboda haka idan an ce hoto bai nuna komai ba amma ciwon yana nan, kada ka koma fili. Likita yana iya cewa a huta a sake hoto bayan makonni, ko ya tura a yi hoton MRI, wanda yake gani tun da wuri, sai dai yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Idan abin ya yi tsanani akan tura mutum asibitin koyarwa ko asibitin ƙashi irin na Dala a Kano.

Na uku: a yi hattara da maganin kashe ciwo. Zafin nan shi ne ƙararrawar da jiki yake kaɗa maka. Wanda ya sha ƙwaya ya shiga fili kamar direban da ya rufe fitilar gargaɗin mota da takarda ne ya ci gaba da tafiya. Tiramadol da wasu suke sha wai don su daɗe ba su gaji ba ya fi muni, domin ban da ɓoye ciwo yana jawo jaraba da farfaɗiya. Duk maganin da za a sha, likita ne zai faɗa.

Mun san a gidaje da yawa wurin maɗori ake fara zuwa. Amma wannan tsaga ba ta goce ba balle a ja a mayar. Murza ta da ja ba sa ƙara mata komai sai rauni, ɗaurin da ya matse kuma yana iya hana jini gudana. Ku roƙi iyaye cikin ladabi a fara yin hoto.

Yawancin tsagun da ke wurare marasa haɗari suna warkewa cikin mako shida zuwa takwas idan an huta. Wasu sukan buƙaci takalmi mai tauri ko sandunan dogarawa. Na wurare masu haɗari kuwa akan sa siminti a hana taka ƙafar wajen mako shida, wani lokaci har tiyata. Hutun ba ya nufin kwanciya: idan likita ya yarda, ana iya tuƙa keke, ko iyo, ko motsa hannuwa da ciki, muddin wurin ba ya ciwo.

Komawa fili ma tana da tsari. Sai ka yi kamar mako biyu kana tafiyarka ta yau da kullum ba ka ji komai ba. Daga nan ka fara haɗa tafiya da sassarfa, misali minti huɗu tafiya, minti ɗaya sassarfa, a ƙasa mai taushi, yau a yi gobe a huta. Kowane mako a ƙara kaɗan. Gudu mai ƙarfi da tsalle su ne na ƙarshe. Ranar da ciwon ya dawo, a dakata kwana biyu ko uku a koma matakin baya. Kuma a gyara abin da ya jawo shi tun farko, in ba haka ba zai sake dawowa.

Rigakafi

Masu horar da 'yan gudu suna da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kada ƙarin atisayen mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon da ya gabata. Idan kilomita 10 ka yi a wannan mako, na gaba 11 ne, ba 20 ba. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko nisa ko sauri. A ware kwana ɗaya ko biyu na hutu a mako, a yi barcin awa 8 zuwa 10, domin a lokacin hutu ne maginan nan suke aikinsu. A riƙa sauya wasa maimakon abu ɗaya duk shekara, a kuma ƙarfafa tsokar sharaɓa da cinya, domin tsoka mai ƙarfi tana rage wa ƙashi duka. Bayan hutun makaranta, ko jinya, ko watan azumi, a fara daga ƙasa.

Abincin ƙashi kuwa ba sai na kanti ba. Nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, wake, kunun tamba, da ƙananan kifaye da ake ci har da ƙayarsu, duk suna da kalsiyam. Hasken rana yana taimaka wa jiki ya haɗa bitamin D, wanda yake sa hanji ya tsotsi kalsiyam ɗin. Kada a fita atisayen asuba kullum da ciki wayam sannan a wuce aji ba karin kumallo.

Ga kyaftin-kyaftin da shugabannin gidaje: ku fara shirin gasa tun farkon zango, kuma idan yaro ya nuna wuri ɗaya a ƙashinsa ya ce nan ne, ku cire shi daga layi ko da shi ne fatan gidan. Abokinmu ya nuna mana nasa da yatsa tun saura mako biyu, mu muka ce ya daure. Kofin ma a shekarar wani gida ne ya ɗauka.